Bangon da Inna Ba Ta Sake Shafewa Ba

Innarmu ba ta yi boko ba, amma a unguwarmu a Kankara in za a yi shafen ɗaki da farar ƙasa, wurinta mata ke zuwa tambaya. Tun ina yaro nake ganinta da daro uku a tsakar gida duk lokacin da Sallah ta gabato, ko za a yi baƙon da ake ji da shi. Ta jiƙa ƙasar, ta dama, ta bari ta kwanta, ta tsiyaye, sannan ta ɗauki tsumma ta bi bango. A gidanmu ba a tarar wanda ya daɗe bai zo ba da tsohon shafe. Inna na ganin yin haka daidai yake da ba baƙo ruwa a ƙazamin kofi. Ni kuwa da yake na yi makaranta har na zama malamin firamare a Faskari, kallon aikin nake a matsayin wahalar da tsofaffi suka ɗora wa kansu. Na sha ce mata fenti ya zo, ta huta. Sai dai ta dube ni ta ci gaba da damunta.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yanta, ni da ƙanwata, wadda kowa ke kira Auta. Tana sakandare ciwon hanta ya kama Baba. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, mutumin da ke noma gona biyu shi kaɗai ya koma sai an tayar da shi zaune. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta daɗe a hantarsa tana ɓarna ba a sani ba. Ni da na ji haka sai na fita waje na share hawaye. Auta kuwa tsayawa ta yi tana jera wa likitan tambayoyi, ina cutar take zama, me take ci, me ya sa ba a iya fitar da ita, har bawan Allah ya gaji ya ce ta je ta yi karatu ta zo ta gaya masa. Baba bai kai kaka ba. Ita kuma ta riƙe maganar likitan kamar umarni.

Shekaru suka tafi. Ta gama jami'a, ta koma karo na biyu, ta sake komawa na uku. Ni dai abin da na sani shi ne tana wani ɗakin gwaje-gwaje, kuma in an tambaye ni a majalisa sai in ce magani take haɗawa, in gyara zama. Ran nan bayan an gama girbi sai ga ta da jaka, da ƙaramin shebur, da buhuna huɗu sababbi. Ta ce in ɗauki hutun kwana uku, babur ɗina take so da ni kaina. Inna ba ta nan lokacin, ta tafi biki Sheme za ta yi mako.

A bakin ramin farko, bayan gari, inda mata ke haƙar ta shafe, na kashe babur na ce ba zan ƙara gaba ba sai ta gaya mini abin da ya haɗa magani da farar ƙasa. Ta zauna a kan dutse ta cire takalmi.

"Yaya, jikinka duka ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da bangonshi. A cikin kowane akwai rubutun da ka gada wurin Inna da Baba, shi ɗakin ke bi ya yi aikinshi. Cutar da ta kashe Baba shiga take ɗakunan hanta ta aje nata rubutun, su yi ta bi suna ƙera mata 'ya'ya."

Na ce na ji wannan.

Ta ce masana sun gano yadda ake haɗa wani ɗan gajeren saƙo, wanda in ya shiga cikin ɗakin zai sa a daina bin wancan rubutu guda, a yi shiru da shi, sauran aikin ɗakin kuma ya ci gaba. Matsalar ita ce saƙon ba shi da ƙwari. In an zuba shi a jini haka nan, kafin ya je ko'ina ya lalace, in ma ya isa, bangon ɗakin ba ya barinsa shiga. Dole sai an sama masa ɗan aike da zai ɓoye shi, ya kai shi, a buɗe masa, ya sauke, kuma kada shi ɗan aiken ya yi ɓarna. Wasu da maiƙo suke ƙera nasu, yana aiki, amma yana son sanyi kullum, abin da mu nan ba mu da tabbacinsa. Ita kuma ta karanta cewa akwai irin farar ƙasar da in an duba ta da na'ura mai ƙarfi, za a ga ƙwayoyinta a naɗe kamar tabarma, da rami a tsakiya, ƙanana ƙwarai har ɗaruruwansu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. A ramin nan take so ta gwada zuba saƙon. Abin da ba ta sani ba shi ne ko akwai irin wannan a ƙasarmu.

Na ce, "Wato duk karatun nan da kika yi, ƙarshenshi kin dawo sana'ar Inna."

Ta yi dariya ta ce, "Da zan kai ta ai da na gode Allah."

Na ɗauka wasa take.

Rami huɗu muka je a kwana ukun. Na bayan gari, da wani a hanyar Pauwa, da wani kwazazzabo kusa da Sheme. Na huɗun shi ya ba mu wuya, don yana can cikin dajin Sabuwa, bayan ƙauyen da aka haifi Inna. Hanyar ba hanya ba ce, sau biyu muna sauka muna tura babur, ina mita tana ba ni haƙuri. Wani tsoho da ya san Inna tun tana budurwa ya raka mu har bakin kwarin. Na tsaya ina kallon Auta tana aiki, kuma a nan na fara jin girmanta. Ba ta ɗiba daga sama. Sai ta share, ta haƙa kamu biyu, ta wanke shebur da ruwan gora kafin ta taɓa ƙasar, ta rubuta lamba a takarda ta jefa cikin buhun, ta ɗaure da kanta. Yarinyar da na goya ce, amma ranar ni ne mai riƙe mata jaka, kuma ban ji haushi ba.

Da muka dawo gida ta ɗebi kaɗan daga kowane buhu a 'yan kwalabe, ta jera buhunan a ɗakin ajiya bayan zaure. Za ta hau mota ta ce mini, "Yaya, amana. In Inna ta dawo ka hwaɗa mata ko mine ne."

Na ce an gama. Amma ban faɗa ba. Ba mantuwa na yi ba, gara in faɗi gaskiya. Na zauna na auna yadda zan fara yi wa Inna bayanin ɗakunan da ido ba ya gani, da saƙo, da ɗan aike, sai na ga ɓata baki ne. Na ce a raina tsohuwa me za ta gane, buhuna dai suna ajiye, ba ƙafa gare su ba. Na hau babur na koma Faskari.

Ba a yi wata uku ba 'yan bindiga suka shiga ƙauyen su Inna. Waɗanda suka tsira suka watse, wasu Sabuwa, wasu Funtuwa, wasu ba a san inda suka nufa ba. Tsohon da ya raka mu bai fita ba. Tun daga lokacin ba mai bin hanyar nan, ko makiyayi. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta yi kwanaki tana mayar da kwanon tuwonta yadda aka kawo shi.

Ana cikin azumi Auta ta kira ni. Ta ce ukun farko duk a shimfiɗe ƙwayoyinsu suke, ba su da amfani gare ta. Na huɗun ne, na ƙauyen su Inna, ta ga naɗaɗɗun a ciki. Ɗan abin da ta tafi da shi ya ƙare a gwaji, yanzu buhun gaba ɗaya take bukata. Malamin da ke duba aikinta ya gaya mata lokacinta ya kusa cika, in ba ƙasar, aikin shekara uku ya tsaya nan, don ba inda za a sake samo ta. Za ta zo ana jibi Sallah ta ɗauka. Na ce ta kwantar da hankalinta, buhu na nan inda ta bar shi. Na kira Inna na yi mata albishir cewa Auta za ta yi Sallah a gida, bayan fiye da shekara ba su ga juna ba. Iyakar abin da na gaya mata ke nan.

Na iso Kankara kwana ɗaya kafin Auta. Tun daga zaure na ji ƙamshin danyen shafe, irin na ƙasa in ta sha ruwan farko. Na leƙa ɗakin Auta, na gan shi fari tas, har yana ɗaukar ido. Na juya ɗakin ajiya da sauri. Buhuna huɗu na nan a wanke, a ninke, an ɗora dutse a kai.

Ina da saurin fushi, kowa ya sani, ɗalibaina ma sun sani. Amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na same ta tana tankaɗe, na tsaya a kanta ko gaisuwa babu.

"Inna, ina ƙasar da ke cikin buhunan nan? Kin kashe ma yarinyar nan aikin shekara uku! Ƙasar gwaji ce, ba ta shafe ba. Wa ya ce ki taɓa?"

Ta ajiye rariya. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta ce, "Ka hwaɗa mani?"

Na kawar da kai. Ta ɗauki garinta ta shige madafa, kuma har aka sha ruwa ba ta sake fitowa inda nake ba. Na ga dai ba ta ci abin kirki ba. Ni ma ƙosai ɗaya na iya haɗiyewa.

Washegari na je tasha tarar Auta. Na so in bari sai mun isa gida, amma tana ganin fuskata ta ce in faɗi. Na faɗa mata a tsaye, jakarta a hannuna. Ta kama ƙarfen bayan babur ta riƙe tam.

"Ta haɗa su wuri guda?"

"Ban tambaya ba."

"Mi ka tambaya?"

Na sunkuyar da kai.

"Hwaɗa ka yi mata," in ji ta. "In mun isa kada ka sa baki, Yaya. Don Allah."

Abin da ta yi da muka isa, har gobe ina tuna shi in ji kunyar kaina. Ta durƙusa ta gaida Inna yadda ta saba, ta tambayi azumi, ta yi mata gaisuwar mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shiga ɗakin ta tsaya a tsakiya tana juyawa a hankali. Na san abin da ke cikin ranta, shekara ukunta ce a manne a bango. Amma ta ce, "Inna, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba." Kuma ba daɗin baki ba ne, ya yi kyan.

Inna na bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Ta ce, "An ce na yi maki ɓarna."

Auta ta jawo tabarma ta shimfiɗa, ta kamo hannunta ta zaunar da ita, ita kuma ta zauna a ƙasa kamar mai ɗaukar karatu. Ta ce ba ta san ko ɓarna ba ce tukuna, so take a gaya mata yadda aka yi aikin, daga farko, kada a tsallake komai. Da wane ruwa aka jiƙa? Inna ta ce na rijiya. An sa ƙaro don ya kama? An sa bula don ya ƙara haske? Inna ta ɗan ja tsaki ta ce wannan aikin masu gaggawa ne, ita ba ta taɓa sawa ba. Sai Auta ta yi tambayar da ni ban yi ba, a hankali, kamar mai tsoron amsar. Ta ce buhunan huɗu, a daro ɗaya aka zuba su?

Inna ta dube ta da mamaki, har da ɗan jin haushi.

"Wa ka haɗa ƙasa huɗu wuri guda? In sun bushe ai kowace da launinta, bango sai shi yi dabbare-dabbare. Kowace darona na wanke kahin in sa ta. Bango huɗu, ƙasa huɗu."

Na ji Auta ta sauke numfashi. Ta ce to takardun da ke ciki masu lamba fa? Inna ta ce ta hura wuta da su, ita me za ta yi da lamba. Ta ɗaga hannu ta nuna bangon ƙofa ta ce ta bayan gari ce, mai yashi. Na kudu ta hanyar Pauwa, tana da ɗan ja-ja in ta jiƙa. Na arewa ba ta san raminta ba, amma ta yi kama da ta wajen Sheme. Duk ta faɗa daidai, ni da na ɗauko su na sani. Sai Inna ta juya ga bangon gabas, wanda Auta ke fuskanta in za ta yi salla.

"Wagga ta garinmu ce," in ji ta. "Ina kwance buhun na ji ƙamshinta. Na sa a harshe, ta kama mani harshe yadda ta saba. Da ita uwata ta koya mani shafe. Na zauna nan na yi kukan da ban yi ba. Na ce ɗiyata ta tuna da ni, ta kawo mani ƙasar gida tun ba a rufe hanya ba. Shi ya sa na sa maki ita a gabas, hawa ukku."

Ina tsaye a waje jikin taga. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Auta ta yi mata bayanin da na ce ba za ta gane ba. Ɗakunan, da rubutun cuta, da saƙon da ke sa a yi shiru da shi, da ɗan aiken da ake nema. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma yi mata irin maganar da ake yi wa yara ba. Inna na saurare tana murza bakin zanenta. Da aka gama ta yi tambaya ɗaya.

"Ciwon da ya ɗauki ubanku?"

"Shi nike nufi, Inna. Amma kada in yi maki ƙarya, ba magani ba ne tukuna. Ɗan aike kawai nike gwadawa. Yana iya kaiwa, yana iya ƙi. Ko ya kai, da sauran shekaru kahin a sa ma mutum."

"In an kankaro ta daga bango za ta yi?"

Auta ta ce tana tsammani, in dai ba a haɗo da tsohon shafen da ke ƙasa ba. Amma ta ce a bari sai bayan Sallah, baƙi su zo su ga ɗakin tukuna, an sha wahalarsa. Inna ta ce a'a. Jibi mutane za su cika gidan, wannan ya jingina, wancan ya dafa, ga hayaƙi, ga ƙuda. Ta ɗaga murya ta ce da ni, ba tare da ta waiwayo ba, "Kai na jikin taga, kawo cokali da sabon zanen nan na cikin akwati."

Washegari, ranar jajibiri, da azumi a bakinta, Inna ta kankare bangon da ta kwana uku tana shafawa. Ta shimfiɗa zanen da ta saya don Sallah a gindin bangon, ta kwantar da bakin cokali, tana ja a hankali, garin na zuba fari kamar na tuwon shinkafa. Ta san inda sabon ya ƙare, domin na bara ya ɗan yi duhu, tana ganin alamarsa sai ta ɗage hannu. Auta na biye da ita tana tattarawa da takarda tana zubawa a kwalba. Na ce a ba ni wani cokalin in kama daga ɗaya gefen. Inna ta ce, "Hannunka nauyi gare shi, za ka haɗo mata da ta bara. Riƙe kujera." Haka na wuni riƙe da kujerar da take takawa, tun hantsi har la'asar. Kafaɗarta ta gaji, tana sauke hannu tana yarfewa, amma ba ta bar ko tafin hannu ba. Abin da aka samu bai kai rabin kwanon awo ba, daga buhu guda.

Da ta sauko na durƙusa na ce, "Inna, ki yahe mani." Ta ce, "Na yahe. Ɗauko tsintsiya."

Ranar Sallah mata suka shigo gaisuwa, suka ga bango uku fari tas, na huɗu kuwa duk zanen cokali. A gidan wata ba komai ba ne, amma a gidan Inna abin magana ne. Na ga suna satar kallo suna haɗa ido. Wata ta kasa haƙuri ta tambaya ko ƙasa ce ta ƙare. Inna na zuba mata miya ta ce, "Ba ta ƙare ba. Aikenta anka yi." Ba ta ƙara ba, kuma ko a jikinta.

Bayan makonni Auta ta kira wayata ta ce in kai wa Inna wayar, ba da ni za ta yi magana ba. Na kai, na tsaya ina ji. Ashe garin da aka kankaro ya fi wanda ita ta tace a ɗakin gwaji tsabta. Yashin da ke ba ta wahala duk babu, naɗaɗɗun sun fi yawa. So take Inna ta gaya mata daidai yadda take tsiyayewa. Inna ta ce ba wani abu ba ne, damu na farko ana barinsa gwargwadon alwala da salla raka'a huɗu, a tsiyaye ruwan sama mai kama da nono a wani daro, a zubar da na ƙasa. Na biyu daga azahar zuwa la'asar. Na uku sai ya kwana. Auta ta ce tana bukatarsa a agogo. Sai ga ni, malamin makaranta, zaune a tsakar gida da agogo da littafi, Inna na dama ƙasar bayan gari tana cewa "yanzu", ina rubutawa. Sau biyar aka maimaita. Hannunta bai taɓa saɓa wa agogon da abin kirki ba. Tun ranar ban sake yi mata maganar fenti ba.

Aikin Auta bai tsaya ba. Ta gama, aka ba ta takardarta. Abin da ta samu, yadda ta gaya mini, shi ne ɗan aiken ya ɗauki saƙon, ya shiga ɗakunan hanta da suke rainonsu a faranti, kuma a wasunsu rubutun da ake so a yi shiru da shi ya yi shiru. A faranti ne, ba a jikin mutum ba, ba ma a jikin ɓera ba tukuna. In na faɗa a majalisa da ƙari, ta ji labari, sai ta kira ni ta ce in janye. Wannan halin nata na ƙin ƙara gishiri ya fi takardar burge ni.

Da ta zo gida bayan an gama, ta fito da 'yar kwalba kamar babban yatsa daga jakarta. Ta ce wannan ne ya rage daga ƙasar, ta ware wa Inna, ta ajiye abinta tunda ba a san ranar da hanya za ta buɗe ba. Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe, ta shinshina, ta dangwala da ɗan yatsa ta sa a harshe. Ta rufe ido ta daɗe a haka, mu kuma ba wanda ya motsa. Sannan ta mayar da murfin ta ɗaure tam.

"Akwai sauran gwaji?"

Auta ta ce akwai, da yawa.

"Kuna da wata?"

Auta ta girgiza kai.

Inna ta kamo hannunta ta sa mata kwalbar a tafi, ta naɗe yatsun a kai. "Maida. Ni na ɗanɗana."

Yanzu kafaɗar Inna ba ta ɗaguwa sama, ni ke yin shafen in Sallah ta gabato, tana zaune a kujera tana gyara mini hannu. Bara na ce mata akwai ragowar ta Pauwa a daro, ko in rufe bangon gabas da ita, zanen cokalin nan ya daɗe. Ta ce in bar shi, ƙasarsa na can, in an koma gida za a ɗebo. Har yau ba a koma ba. Na wanke daron na kife, bango uku muka shafe.